Yadda Ake Gano Ainihin Sunan Tsiro Mai Kaurin Ganye a Legas

Wata Lahadi na dawo daga bakin teku a Badagry da wani tsiro a cikin leda, mai jan kara da ganye kauri cike da ruwa. Na kai wa wani dattijo mai sayar da saiwoyi da sassaƙe a Agege, mutumin da ban taɓa ganin ya rasa sunan ganye ba. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Fasa ƙaba ce." Na ce, "Baba, ai furen wannan ruwan hoda ne, ba rawaya ba, ga kuma gishiri." Ya ce, "Yaro, wadda ta tashi a bakin teku ina za ta rasa gishiri?" Na yi shiru saboda girmansa, amma raina bai kwanta ba. Da na bi diddigi sai na tarar tsiron Sesuvium portulacastrum ne, ko dangi bai haɗa da fasa ƙaba ba. Sai dai Baba yana da uzuri, domin kalmar portulacastrum ma'anarta mai kama da Portulaca, sunan su fasa ƙaba a kimiyya, wato su ma masanan da suka raɗa masa suna sun ga kamar da ya gani.

Kama da wane ba ta wane. Tsire-tsire masu tara ruwa a jiki sun fi kowane irin tsiro yaudara ta fuskar ganye. Wanda ke fama da zafin rairayi, da wanda ke fama da gishiri, da wanda ya tsiro a tsagar siminti, duk matsalarsu ɗaya ce, ƙishirwa, sai kowa ya kumbura ganye ya rage faɗinsa ya kwanta a ƙasa, ko da asalinsu ya yi hannun riga. Fure da kwanson iri ne ba sa canza kama don yanayi. Saboda haka aikin gano suna kusan dukansa a wurin fure yake, ganye mai nuna hanya ne kawai.

Rabon tsire-tsire a kimiyya hawa uku ne. Akwai dangi, babban rukuni. A cikin dangi akwai gida, shi ne kalmar farko ta sunan, kamar Portulaca. Kalma ta biyu ita ce nau'i, kamar oleracea. Wannan tsari na kalma biyu ya kafu ne daga aikin masanin tsirrai Linnaeus na shekarar 1753. Kaiwa ga gida ba ya da wuya. Raba ɗan gida da ɗan'uwansa shi ne aikin, kuma a nan sunayenmu na Hausa ba sa kai mu gaci, don suna ɗaya kan rufe tsire-tsire biyu ko uku, kuma abin da mutumin Katsina ke kira fasa ƙaba wani ya ce harshen saniya.

Shiri da lokacin fita

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai kyamara, rula, reza, ɗan littafi da biro, ambulan ko tsohuwar jarida, da gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 10, irin wanda masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Wannan gilashi kada ka raina shi. Furen fasa ƙaba bai cika kai santimita 1 ba, ba za ka ƙirga abin da ke cikinsa da ido tsirara ba.

Lokaci ya fi kayan aiki muhimmanci. Furannin gidan Portulaca da hantsi suke buɗewa idan akwai rana, su yi 'yan sa'o'i su rufe. Wanda ya tashi daga kasuwar Mile 12 da la'asar ya je dubawa, tsiro kawai zai tarar babu fure, har ya rantse ba ya fure. Ranar da gari ya yi lumshi ma wani lokaci ba sa buɗewa sam. Ka fita tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe. A Legas damina na farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, da ɗan sararawa a Agusta, kuma ƙananan masu rarrafe suna samun fure a yawancin watannin nan. Su Kalanchoe kuwa, manyan nan masu ganye kamar tafin hannu, sai rani ya shigo, wajen hunturu, suke fitar da fure. In ka gamu da su a watan Yuni, ka riƙe wurin a ka, ka dawo.

Tun kafin ka taɓa shi

Ka tsaya ka rubuta inda yake. Rairayin bakin teku ne inda ruwan gishiri ke fantsama, ko gefen kwata, ko juji, ko inuwar katanga mai danshi, ko fili mai rana? A kwance yake ko a tsaye? Idan a kwance yake, ɗaga reshe ɗaya a hankali ka ga ko yana kafa saiwa a gaɓoɓinsa ko kuwa shimfiɗe kawai yake daga gindi guda. Ka kuma duba ko akwai gida ko makabarta ko wurin masu sayar da furanni a kusa, domin da yawa daga abin da ake gani kamar na daji a Legas tserewa suka yi daga tukunya. Wannan ya shafi inda za ka nemi sunan: tsiron da aka shigo da shi don ado ba lallai ka same shi a littafin tsire-tsiren Afirka ta Yamma ba.

Sannan ka ɗauki hoto, ba ɗaya ba. Tsiron gaba ɗaya da wurin da yake, reshe da rula a gefensa, gaɓa daga kusa, fure ta gaba, fure ta gefe, fure ta baya. Hoton bayan fure shi ne wanda kowa ke mantawa, alhali sau da yawa shi ke raba gardama.

Gwajin farko shi ne reza. Yanka ƙaramin reshe ka jira. In farin ruwa kamar nono ya ɓulɓulo, ka janye hannunka daga fuska. Mai yiwuwa kana gidan Euphorbia ne, gidan su kerana da tinya da aguwa da muka sani a Arewa, ko kuma dangin tumfafiya da kariya. Wannan nono yana ƙona fata, a ido kuwa yana iya yin mummunar illa. Akwai ƙananan Euphorbia masu rarrafe da jan kara da ke fitowa wuri ɗaya da fasa ƙaba, masu tsinkar ganyen miya kan haɗa su bisa kuskure. Karansu siriri ne kamar zare, ganyen ba kauri, kuma nonon na tona asirinsu nan take. Fasa ƙaba ruwanta garau yake, da ɗan yauƙi.

Af, tunda an zo nan: ba duk mai ƙaya da kaurin jiki ba ne kaktus. Asalin dangin kaktus nahiyar Amurka ne, kuma ƙayarsu daga wani ɗan tudu mai gashi kamar auduga take fitowa. Kerana ba ta da wannan tudu, tana kuma da nono. Maganar ɗanɗano kuwa, na lasa na Badagry, amma ba abin koyi ba ne. Kada ka kai tsiron da ba ka sani ba baki, balle na gefen kwatar Legas.

Ganye da gaɓa

Abu uku za ka duba. Na ɗaya, zaman ganye a kan kara: biyu-biyu suna fuskantar juna, ko ɗaya nan ɗaya can? In biyu-biyu ne, girmansu ɗaya ko ɗaya ya fi ɗaya? Na biyu, siffa: yanka ganye ta tsakiya ka dubi bakin yankan, shimfiɗaɗɗe ne ko mulmulalle kamar tsinke? Na uku, gindin ganye inda ya haɗu da kara: akwai farin gashi a wurin ko sumul yake? Ka auna ganye biyar manya, ka rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma. Launin kara kada ka dogara da shi sosai, rana da ƙishirwa na mayar da koren kara ja.

Fure, inda shari'ar take

Ka sa gilashi a ido, ka kawo furen kusa da shi. Fara ta baya. A yawancin furanni akwai sutura biyu: koren ɓawo daga waje wanda ya rufe furen tun yana toho, sai kunnuwa masu launi daga ciki. Ƙirga kowanne daban. Daga nan ka shiga tsakiya, inda za ka ga siraran zaruruwa masu ɗauke da gari a ka, su ne mazan fure, da kuma sanda ko sanduna da ke fitowa daga kan kwanson iri, ita ce macen. Ƙirga su ma. Kada ka tsaya a fure ɗaya, ka duba uku ko huɗu, don akan sami wanda ya fita daban.

Ga yadda wannan ƙirge ke warware waɗanda aka fi cin karo da su a Legas.

Idan koren ɓawon guda 2 ne kacal, ga kuma kunnuwa masu launi daban, furen a zaune kan reshe babu dogon wuya, kana gidan Portulaca. Yanzu sai raba 'yan gida. Portulaca oleracea, fasa ƙabar da aka sani, kunnuwanta rawaya ne, yawanci 5, ganyen shimfiɗaɗɗe mai faɗi ta ƙarshe da tsukewa ta gindi, gaɓoɓinta kusan sumul, kuma ba ta cika kafa saiwa a gaɓa ba. Ƙanwarta Portulaca quadrifida ita ma rawaya ce, amma kunnuwa 4 gare ta, ganyen ƙanana ne ƙwarai suna zaune biyu-biyu, akwai farin gashi zagaye da kowace gaɓa, kuma tana kafa saiwa duk inda gaɓa ta taɓa ƙasa har ta zama tabarma. Sunan ma ya faɗa, quadrifida na nufin rabuwa huɗu. In kuwa furen babba ne, ya kai santimita 2 ko fiye, ja ko ruwan hoda ko fari ko ruwan lemo, ganyen mulmulalle kamar tsinke, to Portulaca grandiflora ce, 'yar Kudancin Amurka da ake shukawa a gaban gidaje, ta kan tsallake ta kama kan titi.

Idan ka juya furen ka ga babu sutura biyu, kunnuwa 5 ne kawai waɗanda bayansu kore cikinsu ruwan hoda, to ka bar gidan Portulaca, ka shiga dangin Aizoaceae. Abin da ya raba ni da Baba ke nan. A Sesuvium portulacastrum kowane kunne na da ɗan ƙaho kore a bayansa kusa da tsini, mazan suna da yawa, sandunan mace 3 zuwa 5, furen yana da ɗan wuya, ganyen dogaye ne sirara masu kauri, biyu-biyu daidai wa daida, kuma wurin zamansa rairayi mai gishiri da bakin fadamar teku. Ɗan'uwansa na cikin gari, Trianthema portulacastrum, irin waɗanda ake ce wa gadon maciji a Arewa, ya fi son juji da gonaki da gefen hanya. Alamarsa ba ta ɓuya: ganye biyu ne a gaɓa, ɗaya babba ɗaya ƙarami, masu faɗi kusan da'ira, furen kuma a lafe yake cikin wani ɗan aljihu da gindin ganye ya yi, da sandar mace guda 1 tak.

A bakin teku akwai wani mai rikita mutane, wanda kan girma kafaɗa da kafaɗa da Sesuvium. Shi ma rarrafe yake, ganye siriri mai kauri biyu-biyu, kara ja-ja. In babu fure da wuya ka raba su. Amma nasa furen ba ɗaya-ɗaya ba ne, dunƙule ne fari mai ƙamas kamar takarda a ƙarshen reshe. Wannan Blutaparon vermiculare ne, ɗan dangin alayyafo.

Idan tsiron a tsaye yake, ganye mai laushi da yauƙi, furanni ruwan hoda masu kunnuwa 5 da ɓawo 2 a kan dogon wuya, to Talinum ne. Nan gwajin na yatsa ne: murza wuyan da ke ɗauke da furannin. In ka ji kusurwa uku, Talinum fruticosum ne, ganyen miyar da Yarabawa ke kira gbure, wanda ake sayarwa ɗauri-ɗauri a kowace kasuwa kuma yake fitowa da kansa a kangaye. In wuyan mulmulalle ne siriri, ya rarrabu da yawa da ƙananan furanni birjik, Talinum paniculatum ne.

Sai manya masu ganye kamar tafin hannu da baki mai tsaga-tsaga, gidan Kalanchoe. Lissafinsu na huɗu ne: kunnuwa 4 da suka haɗe suka yi bututu, maza 8, kwanso 4. Kalanchoe pinnata, abamoda a bakin Yarabawa, asalinta Madagaska ne. Furanninta a rataye suke kai ƙasa kamar ƙararrawa, koren ɓawon ya kumbura ya zama jaka mai tsawon santimita 3 ko kusa da haka, jan bututu na leƙowa ta bakinsa. Ganyen ƙasa guda-guda ne, na sama kan rabu 3 ko 5, kuma ganyen da ya faɗi yana fitar da 'ya'ya daga tsagogin bakinsa. Kalanchoe crenata, wadda Yarabawa ke kira odundun, 'yar Afirka ce. Furanninta ƙanana ne, rawaya ko ruwan lemo, suna kallon sama, babu kumburarriyar jaka, ganyen kuma ba ya rabuwa. Masu dabbobi a Alaba Rago da Oko-Oba su lura, gidan nan na da guba mai taɓa zuciyar shanu da tumaki idan suka ci da yawa, musamman lokacin fure.

Akwai kuma ɗan ƙaramin nan na gindin katanga mai danshi, kara garau kamar gilashi, ganye mai siffar zuciya yana sheƙi. Kada ka wahalar da kanka neman kunnuwa, ba shi da su. Furensa ɗigo-ɗigo ne a kan siririn tsinke kore. Peperomia pellucida ke nan, rinrin a bakin Yarabawa.

Kwanson iri shi ne shaida na biyu. A Portulaca da Sesuvium da Trianthema, kwanson na buɗewa ta tsakiya, saman ya fita kamar murfin kwanon sha, ya bar baƙaƙen ƙwayoyi a cikin ƙoƙo. Na Talinum ƙwallo ne da ke tsagewa gida uku. Ka zuba ƙwayoyin a farar takarda ka ɗauki hotonsu ta cikin gilashi, don a gidan Portulaca masana na amfani da zanen bayan ƙwaya wajen raba nau'o'in da suka yi kama sosai.

Waya da littafi

Yanzu ne lokacin manhaja, ba tun farko ba. Pl@ntNet da iNaturalist suna karɓar hoto su ba da jerin sunaye. Ni dai ina ɗaukar amsarsu kamar ta ɗan acaɓa da ka tambaya hanya: sau da yawa daidai ne, wani lokaci kuma ya faɗa da ƙarfin gwiwa alhali bai sani ba. Idan ka ba su hoton ganye kaɗai, suna iya jefo maka sunan wani tsiron Meziko ko Afirka ta Kudu da ake sayarwa a tukunya. Amfanin iNaturalist shi ne mutane ne ke bin bayan na'urar suna gyarawa, kuma hotonka na bayan fure da na rula su ne za su ba su abin kamawa.

Duk sunan da aka ba ka, yi masa tambaya biyu. Shin bayaninsa ya dace da abin da ka ƙirga da hannunka? Shin an san shi a Najeriya? Ta biyun za ka samu a shafin Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila, inda ake nuna ƙasashen da kowane nau'i yake, na asali ne ko shigo da shi aka yi. A nan kuma za ka warware rikicin tsofaffin sunaye, don sunan kimiyya ma ana canza shi. Talinum triangulare da za ka gani a littattafan makaranta shi ne Talinum fruticosum. Bryophyllum pinnatum ita ce Kalanchoe pinnata. Philoxerus vermicularis shi ne Blutaparon. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka tsire-tsire biyu ne.

Tambayar farko kuwa ta littafi ce. Madogarar yankinmu ita ce Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel, wanda ya fara fitowa tsakanin 1927 da 1936, Keay da Hepper suka sake bitarsa tsakanin 1954 da 1972. Dalziel ɗin nan likita ne da ya yi aiki a Arewa, shi ne ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa ya buga a 1916. A cikin littafin akwai abin da ake kira mabuɗi: jimla biyu masu karo da juna, ka zaɓi wadda ta dace da tsironka, ta tura ka ga wasu biyu, har ka isa suna. Ka karanta duka biyun kafin ka zaɓa. Inda ka yi shakka, sa alama ka bi hanyoyin biyu ka ga wadda ta ɓulle. Da ka isa suna kuma ka karanta cikakken bayaninsa. Idan abu ɗaya babba ya saɓa, misali littafi ya ce sandar mace 1 kai kuma ka ƙirga 3, kada ka lanƙwasa tsiron don ya shiga sunan. Koma baya. Rubuta sunan gida kaɗai ka tsaya ya fi ka cika nau'in da ba shi ba.

In abin ya faskara

Sai a kai wa masu shi. Jami'ar Legas da ke Akoka tana da ma'ajiyar busassun tsire-tsire a sashen nazarin tsirrai, akwai kuma babba a Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan. A irin waɗannan wurare ana ajiye samfurinka gefen wanda aka riga aka tabbatar a gwada.

Ka yanki reshe mai ganye da fure da kwanso, in ƙarami ne ka haɗa da saiwa, kuma daga inda tsiron ke da yawa. A keɓaɓɓen wuri kamar Lekki Conservation Centre hoto kaɗai ake ɗauka. Busar da mai tara ruwa yana da nasa wahala, domin ba ya mutuwa da sauri. Ka danne abamoda a jarida, bayan mako biyu ka buɗe ka tarar ta haihu a ciki. Wasu kuma su ruɓe saboda danshin Legas. Dabarar ita ce ka kashe shi tukuna: kwana biyu a firiza, ko ka tsoma shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan, banda furen. Ganye mai kauri sosai ka tsaga shi ka kankare tsokar ciki. Sannan ka shimfiɗa a jarida tsakanin kwalaye, ka ɗora nauyi, kana canza jaridar kullum har ya bushe ƙarau. Fure biyu ko uku ka jefa a ƙaramar kwalba da sifirit don siffarsu ta tsaya, ƙwayoyin kuma a ambulan.

Takardar da za ta raka shi ta ƙunshi kwanan wata, unguwa da ainihin wurin, irin ƙasar, tsayin tsiron, ko yana da nono, ƙarfe nawa ka ga furen a buɗe, da launinsa tun yana ɗanye, don ruwan hoda da rawaya duk ruwan ƙasa suke komawa in sun bushe. A layin ƙarshe ka sa sunan da mutanen wurin suka faɗa maka da harshen da suka faɗe shi. A tawa takardar ta Badagry, ƙarƙashin Sesuvium portulacastrum, na rubuta: fasa ƙaba, in ji Baba na Agege.